Tsayar da Haihuwar Ɓera Ba Tare da Fiɗa Ba: Daga Ɗakin Bincike Zuwa Rumbun Manomi

Gabatarwa

Tun zamanin kakanni Bahaushe ya san hanyar hana dabba haihuwa. Makiyayi yakan dandaƙe bijimi don ya yi ƙiba ko ya yi laushin kai a wajen huɗa, mai kiwo kuma yakan fiɗiye bunsuru ko rago. Amma akwai abubuwa biyu da suka kamata a lura da su a cikin wannan tsohuwar dabara. Na farko, namiji kaɗai ake yi wa, domin kayan haihuwarsa a waje suke, na mace kuwa suna can cikin ciki inda hannu ba ya kaiwa sai da wuƙar likita. Na biyu, abin da aka dandaƙe ya dandaƙu ke nan har abada, ba a komo da shi. Tambayar da masana suka yi ta fama da ita fiye da shekara ɗari ita ce: shin ana iya tsayar da haihuwar mace ba tare da an tsaga ta ba, a kuma komo mata da haihuwarta duk lokacin da aka so? Da yawa daga cikin amsoshin da aka samu, a jikin farin ɓeran ɗakin bincike aka gwada su. Abin mamaki kuma shi ne, ilmin da aka nema saboda ɗan Adam, ɓera na zaman abin gwaji kawai, yanzu ya juyo kan ɓeran kansa, har ya zama abin da ya shafi manomin Ɗan Isa da Zurmi da Shinkafi da rumbunsa.

Dalilin da ya sa aka zaɓi ɓera

Ɓeran bincike ba wata halitta ce daban ba. Jikan ɓeran kwata ne na ƙasashen Turai, wanda aka yi ta kiwo ana zaɓen masu sanyin hali. Wanda ya fi shahara shi ne na cibiyar Wistar da ke Filadelfiya a Amurka, inda aka fara kiwonsa a 1906. Abin da ya sa ya dace da nazarin haihuwa shi ne gaggawarsa. Macen takan balaga cikin wata biyu ko makamancin haka, cikinta kwana 21 zuwa 23 ne, takan haifi 'ya'ya takwas zuwa goma sha biyu a ɗauka guda. Abin da mai bincike zai jira shekaru kafin ya gani a jikin saniya, cikin damina ɗaya ya gan shi a jikin ɓera.

Macen ɓera ba ta yin haila irin ta mata. A maimakon haka tana da wani zagaye na kwana huɗu zuwa biyar, wanda a cikinsa ƙwai ke nuna, ta karɓi namiji na 'yan sa'o'i, sa'an nan jikin ya huta ya sake shiri. A 1922 waɗansu malamai biyu na Jami'ar Kalifoniya, Long da Evans, suka bayyana yadda za a san matakin da take ciki ba tare da an cutar da ita ba: a ɗibi ɗan ruwa daga gabanta kowace safiya, a duba shi da madubin likita, siffar ƙwayoyin da aka gani ita ke faɗin ranar da take. Wannan ɗan aiki mai kama da wasa shi ne ma'aunin da ake dogara da shi har yau. Muddin zagayen na tafiya, macen na iya ɗaukar ciki. In ya tsaya cik a mataki ɗaya, to magani ya kama.

Rufe rumbu da ƙona rumbu

Don a fahimci bambancin maganin da ke sakin dabba da wanda ba ya saki, dole ne a san wani abu guda game da halittar mace. Namiji yana ƙera iri ne kullum, muddin yana da lafiya. Mace kuwa, ta ɓera ce ko ta mutum, tana fara rayuwa ne da ƙwayayenta a ajiye cikin gidan ƙwai, kamar hatsin da aka zuba a rumbu sau ɗaya ba za a ƙara ba. A kowane zagaye ana ɗibar kaɗan su nuna. Umarnin ɗibar kuwa daga kai yake fitowa. Wani sashe na ƙwaƙwalwa yakan aika da sinadarin saƙo zuwa ga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashinta, shi kuma ya aika da nasa saƙon ta cikin jini zuwa gidan ƙwai, gidan ƙwai ya mayar da amsa da nasa sinadaran. In ciki ya shiga, amsar da ke komawa ita ce a dakata, kada a saki wani ƙwai.

Saboda haka hanyoyin tsayar da haihuwa iri biyu ne. Akwai masu rufe ƙofar rumbu, watau su tare saƙo ko su kai saƙon ƙarya, hatsi na nan a ciki bai taɓu ba. Ranar da aka buɗe, sai a ci gaba da ɗiba. Akwai kuma masu ƙona hatsin da ke ciki. Waɗannan ko an daina ba da su, babu abin da ya rage da za a ɗiba.

Wanda ya fara tunanin kai saƙon ƙarya shi ne Ludwig Haberlandt na Jami'ar Innsbruck a ƙasar Ostiriya. A 1921 ya ba da labarin cewa ya ɗauki gidan ƙwai na zomanya mai ciki ya dasa a ƙarƙashin fatar wadda ba ta da ciki, sai wannan ta yi makonni tana karɓar namiji ba ta ɗauka ba, daga baya kuma haihuwarta ta komo. Jikinta ya ɗauka ciki gare ta. Bayan 'yan shekaru ya gwada ba ƙananan ɓeraye ruwan gidan ƙwai ta baki, watau ba fiɗa ko kaɗan. Ya sha suka ƙwarai daga mutanen zamaninsa, ya rasu a 1932 bai ga amfanin aikinsa ba. Sai a 1951 aka haɗa irin wannan sinadari a birnin Meksiko, daga wata doyar daji ta ƙasar, ta yadda za a iya haɗiye shi ya yi aiki. Gregory Pincus da Min Chueh Chang suka gwada ire-irensa a kan zomaye da ɓeraye, a 1960 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da ƙwayar tazarar haihuwa ta farko. Ɗan sandan roba da ake sa wa mata a damtse, wanda aka fara yarda da shi a Finlan a 1983 da sunan Norplant, daga wannan zuriya ya fito, sinadarinsa shi ne lebonojestirel. A riƙe wannan suna, domin zai sake fitowa a gonar masara.

Wata hanyar rufe ƙofa ita ce ta rigakafi. A nan ana koya wa garkuwar jiki ne ta ɗauki wani abu na jikin dabbar kanta a matsayin baƙo. Wani lokaci saƙon farko da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ake sa ta tare, wanda Schally da Guillemin suka gano siffarsa a farkon shekarun 1970, aka ba su kyautar Nobel a 1977. Wani lokaci kuma ɓawon da ke lulluɓe da ƙwai ake sa ta manne wa, don iri ya kasa shiga. An fara yi wa dawakin daji na tsibirin Assateague a Amurka irin wannan allura a 1988, da giwayen gandun Kruger na Afirka ta Kudu a 1996. In ƙarfin allurar ya ragu, haihuwa takan komo, sai dai an lura cewa goɗiyar da aka yi ta maimaita wa shekara da shekaru takan daɗe ba ta farfaɗo ba. Ga ɓeran gona dai wannan hanya ba ta da amfani, don babu mai bin ramuka da sirinji.

Yadda ake tabbatar da komowar haihuwa

Ya kamata ɗalibai su lura da wannan sashe, domin a nan ne bincike mai kyau ke rabuwa da na ganin ido. Sau da yawa akan ba ɓeraye ruwan wani ganye ko saiwa na mako biyu, a ga ba su ɗauki ciki ba, sai a rubuta cewa an gano maganin hana haihuwa. Alhali kuwa dabbar da aka sa wa ciwo, ko ta daina cin abinci saboda ɗaci, ita ma ba za ta ɗauki ciki ba. Guba ma tana hana haihuwa.

Ƙa'ida ita ce a raba matan ɓeraye gida-gida, a bar gida ɗaya ba magani don a sami abin kwatantawa, a kuma tabbata kowace zagayenta na tafiya daidai kafin a fara. A riƙa auna nauyinsu da abin da suke ci. A haɗa su da mazan da aka riga aka san suna haihuwa. Sa'an nan a janye magani, a nan ne kuma ainihin gwajin ke farawa. Komowar zagaye shaida ce, amma ba ta isa ba, sai an ga ciki ya shiga ya zauna. Cikin ma bai isa ba, sai an ƙirga 'ya'yan an ga yawansu da nauyinsu sun yi daidai da na gidan da ba a ba magani ba, an kuma raine su sun balaga sun haihu. A ƙarshe a yanka gidan ƙwai sala-sala a ƙirga ƙwayayen da ke ajiye. Macen da ta haihu sau ɗaya bayan magani, amma rabin ajiyarta ya ƙone, ba a ce an komo mata da haihuwa ba. An dai gajarta mata ita ne.

Labarin angurya ya isa misali, ga shi kuma ya shafi ƙasar da auduga ta taɓa zama dukiyarta, har jirgin ƙasa ya iso Ƙaurar Namoda a 1929 don kwasar ta tare da gyaɗa. A cikin angurya akwai wani sinadari mai ruwan ɗorawa da ake kira gosifol. A ƙasar Sin an lura haihuwa ta ragu a waɗansu ƙauyuka da ke girki da ɗanyen man angurya, sai a shekarun 1970 aka gwada sinadarin a kan dubban maza. Ya tsayar da iri sosai. Amma da aka janye shi, waɗansu nasu bai komo ba sam, waɗansu kuma gaɓoɓinsu suka yi sanyi saboda ƙarancin sinadarin fotasiyam a jini, dole aka jingine shi. A macen ɓera ma yakan hargitsa zagaye. Kada wannan ya tsorata kowa game da man da masana'anta ta tace, domin tacewa na cire shi, kuma babbar saniya tumbinta na rage masa ƙarfi. Kaji da ƙananan maruƙa su ne ƙulin angurya mai yawa ke yi wa lahani.

Daga keji zuwa gona

Ɓeran da ke damun manomin arewacin Zamfara, wanda a bakin mutanen yankin kusu ne, ba farin nan na keji ba ne. Mafi muni a cikinsu shi ne wani ɗan toka-toka mai yawan nonuwa, wanda ya bazu a kusan duk Afirka kudu da Sahara, yana zaune a gona yana kuma shiga gida. Macensa na da nono har zuwa ashirin da huɗu, cikinta kamar kwana 23 ne, takan haifi goma ko fiye. Yana tone irin da aka shuka, ya ci zangarniya a tsaye, ya bi dami zuwa rumbu, abin da bai ci ba kuma ya ɓata shi da fitsari da kashi. Shi ne kuma aka tabbatar yana ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lasa, cutar da aka fara ganewa a garin Lasa na ƙasar Borno a 1969, aka kuma samo ta a jikinsa bayan annobar Saliyo ta 1972. Bayan fari, in ruwa ya sauka da kyau, ɓeraye kan yi ambaliya. Haka ta faru a yankin Sahel a 1975 zuwa 1976, ta sake faruwa a 1986 zuwa 1987.

Makamin da aka saba da shi guba ce, irin wadda ake tallarta a kasuwa da sunan shinkafar ɓera, da sauran ƙulle-ƙullen da ba su da ko takarda. Tana kisa, ba shakka, har da kaza da kyanwa da mujiyar da ta ci mushen, wani lokaci da yaron da ya tsinta. Amma babbar kasawarta lissafi ne. A ƙaddara wani wuri abincinsa da ramukansa na iya riƙe ɓera ɗari, aka kashe casa'in. Goman da suka saura sun gaji abincin ɗari. In biyar mata ne, kowace ta haifi goma, an sami hamsin kafin wata ya cika, ga maƙwabta na shigowa ramukan da aka bari. An ga haka a ƙauyukan Farana na ƙasar Gini, inda aka yi shekaru ana sa guba a gidaje saboda zazzaɓin Lasa: ɓeraye su ragu, cikin 'yan watanni su komo. Daɗin daɗawa, ɓera na sabawa da magani. An fito da wafarin a Amurka a 1948, a 1958 aka sami ɓerayen da ba ya kashewa a Sikotlan.

Wannan ne ya sa waɗansu masana, irin su David Davis wanda ya yi nazarin ɓerayen birnin Baltimo, suka kawo shawarar a bar ɓera da ransa a hana shi haihuwa. Wanda ba ya haihuwa yana nan riƙe da raminsa, yana korar baƙo, har ya tsufa ya mutu bai bar magaji ba.

An bi wannan shawara ta hanya biyu. A Amurka wani kamfani na jihar Arizona, SenesTech, ya haɗa wani ruwa mai zaƙi da maiƙo mai suna ContraPest, aka yi masa rajista a 2016. Ɗaya daga cikin sinadaransa na masu ƙona ajiyar ƙwai ne. An daɗe ana amfani da shi a ɗakin bincike don a tsufar da gidan ƙwan ɓera a yi nazarin ɗaukewar haila. Amma gwargwadon abin da ɓera ke sha da kansa, ba ya ƙone ajiyar duka, sai an ci gaba da ba shi. Daga baya kamfanin ya fitar da wani mai suna Evolve, wanda tushensa man angurya ne. Majalisar birnin New York ta amince a gwada irin wannan hanya a 2024, bayan mutuwar wata sananniyar mujiya da aka sami gubar ɓera a jikinta.

Hanya ta biyu ita ta fi kusa da halin da manomin Afirka ke ciki, don ta fi araha. A ƙasar Sin, Zhang Zhibin da abokan aikinsa suka gauraya lebonojestirel ɗin nan da wani sinadari mai suna kwinestirol a cikin hatsi, suka gwada a kan ɓerayen makiyaya. Masana na Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine da ke Morogoro a Tanzaniya suka gwada shi a kan ɓera mai yawan nonuwa, suka buga sakamakon a 2018: bayan kwana bakwai ana ci, ɗaukar ciki ta ragu, kwinestirol na sa mahaifa ta cika da ruwa, mazan ma irinsu ya raunana. An kuma kai gwajin gonakin masara a Zambiya. Kwinestirol na maƙalewa a kitse yana fita a hankali, shi ya sa cin 'yan kwanaki ke aiki na makonni.

Abin da ya kamata ma'aikaci ya auna

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rumbun da ke zaune a ƙasa ba duwatsu, bakinsa a buɗe, ciyawa kewaye da shi, babu maganin da zai cece shi. Kuma dole a faɗi gaskiya: ɓeran da aka hana haihuwa yana ci gaba da cin hatsi, in yana da ƙwayar cuta yana ci gaba da zubar da ita. Wanda ɓeraye suka riga suka cika wa ɗaki a watan Disamba, tarko da murfi yake bukata. Maganin haihuwa na gona ne, kuma na kafin lokaci. A ƙasar da damina ɗaya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, haihuwar ɓera na bin ruwa da sabon tsiro, yawansu ya kai ƙololuwa da kaka. In an tare 'yan tsirarun da suka tsallake rani kafin su yi haihuwar fari, an tare jikoki da tattaɓa-kunne. In an makara da wata guda, an yi asarar kuɗi.

A nan ne komowar haihuwa, wadda ita ce abin nema a ɗakin bincike, ke zama alheri da matsala a lokaci guda. Alheri ce, domin zabuwa ko kurciya ko kyanwar da ta ci abin da ba nata ba za ta iya farfaɗowa, saɓanin guba. Matsala ce, domin sai an koma an sake sawa, kuma sai maƙwabta sun yi tare, tun da ɓera bai san iyakar gona ba. Komawa gona kuwa ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar Zurmi da Shinkafi, inda ta'asar 'yan bindiga ta shekarun 2010 zuwa gaba ta raba manoma da yawa da gonakinsu na nesa. Tsarin da ke bukatar malamin gona ya zagaya kowane mako bai dace da irin wannan wuri ba. Wanda ake sawa sau ɗaya ko biyu a farkon damina shi ne abin dubawa.

Akwai kuma batun mutane, wanda ya fi kowane nauyi. Waɗannan sinadarai magungunan mata ne tun asali. Hatsin da aka gauraya da su dole a rina shi, a sa shi cikin gora ko bututun da yaro da kaza ba sa kaiwa, a kuma tuna cewa yaran ƙauye na farautar gafiya da ɓeran daji su gasa. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a 2003 yana tune da yadda jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da allurar shan inna saboda jita-jitar cewa an sa mata maganin hana haihuwa, Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan cutar ta bazu zuwa waɗansu ƙasashe. A can jita-jita ce. A nan kuwa maganin hana haihuwa ne na gaske, a cikin hatsi, kusa da abincin mutane. Ma'aikacin da ya kawo shi a ɓoye, ko ya sauya masa suna don gudun tambaya, ya jawo wa dukkan aikin lafiya da na gona rashin amincewa na shekaru. Sai an bi ta hukumar NAFDAC mai rajistar irin waɗannan kaya, an zauna da hakimi da dagaci da limami, an faɗi abin da ke ciki da sunansa.

Kafin duk wannan akwai aikin farko, wanda ɗaliban kimiyya na Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaurar Namoda ko na Jami'ar Tarayya ta Gusau za su iya yi da kaya kaɗan, ƙarƙashin malamin da ya san yadda ake taɓa ɓeran daji da safar hannu da takunkumi. A kafa tarko a gonaki da gidajen wuri ɗaya, kamar Ɗan Isa, dare uku a kowane wata har shekara ta zagayo. A rubuta irin ɓeran da aka kama, da nauyinsa, da jinsinsa, a duba matan a ƙirga masu ciki da yawan 'ya'yan da ke mahaifa, a ajiye wannan kusa da lissafin ruwan sama na wurin. Makon da aka fara ganin mace mai ciki bayan saukar ruwa, shi ne zai nuna ranar da ya kamata magani ya riga ya shiga gona.